Noman Kusbara a Gida: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Farawa

Kusbara, wadda wasu masu sayar da ganye ke kira koriyanda, tana cikin tsirran da ake iya nomawa a tsakar gida ko a baranda ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Duk da haka mutane da dama sukan gwada sau ɗaya, su ga ta ƙi, su yanke hukuncin cewa hannunsu ba na shuka ba ne. Galibi laifin ba na hannu ba ne. Tsiro ce mai gajeren rai, mai son sanyi, wadda ba ta son a taɓa mata saiwa, kuma wanda ya fahimci waɗannan halaye nata ya gama da mafi yawan wahalar.

Wace irin tsiro ce kusbara, kuma tsawon wane lokaci take rayuwa?

Sunanta a kimiyyance *Coriandrum sativum*, kuma danginsu ɗaya da karas da seleri. Asalinta yankin Bahar Rum ne da yammacin Asiya, kuma ta daɗe a hannun ɗan Adam, domin an samu ƙwayoyinta a kabarin Fir'auna Tutankhamun na Masar. A yau Indiya ce ke kan gaba wajen noman ƙwayarta, musamman a jihohin Rajasthan da Madhya Pradesh da Gujarat, inda ake shuka ta a lokacin sanyi bayan damina ta wuce.

Rayuwarta duka ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Tana tsirowa, ta yi ganye na wasu makonni, ta miƙa kara, ta yi fure, ta yi 'ya'ya, sannan ta bushe. Wannan shi ne tsarinta, saboda haka wanda yake tsammanin za ta zauna a tukunya shekara da shekaru kamar na'a-na'a zai sha takaici a banza. Ana cin ganyenta ɗanye ko a watsa a kan abinci, ana kuma daka busasshiyar ƙwayarta a cikin kayan ƙamshi, kuma ƙamshin ganyen daban ne da na ƙwayar, har ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya a girki.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a shuka ta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta ta dogara ne da yanayin garin da mutum yake zaune. Kusbara ta fi jin daɗi idan zafi yana tsakanin digiri 15 zuwa 25 a ma'aunin Selsiyos, kuma da zarar ya zarce digiri 30 na kwanaki a jere sai ta fara haramar yin fure. A garuruwa irin su Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, wannan yana nufin hunturu ne lokacinta: a fara shuka daga farkon Nuwamba, a ci gaba har tsakiyar Janairu, domin ganyen ya riski sanyin dare na Disamba da Janairu. Shukar da aka yi a ƙarshen Fabrairu takan faɗa cikin bazara, lokacin da zafin rana ke kai wa digiri 40 a watan Afrilu, kuma da wuya a tsinki ganyen kirki kafin ta tsallake zuwa fure.

Mazauna tudun Jos, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,200, da na tsaunin Mambila, suna da sauƙi a nan, domin sanyin wurarensu yana ba su damar shuka a mafi yawan watannin shekara. A damina kuma ana iya samun ta a ko'ina idan an sa tukunyar a ƙarƙashin rumfa, sai dai ruwan sama mai ƙarfi yana kwantar da ƙananan tsirrai, laima kuma tana kawo cututtukan ganye. Shawarata ga mai farawa ita ce ya yi gwajinsa na farko a hunturu, idan ya ga yadda take a lokacin da ta fi so, sai ya jarraba sauran lokuta.

A ina zan sami iri? Wadda ake sayarwa don girki za ta tsiro?

Sau da yawa tana tsirowa, domin ƙwayar da ake dakawa a yaji ita ce irin. Sharaɗin kawai shi ne kada ta zama an soya ta ko ta shekara da shekaru a buhun mai kayan ƙamshi. Kafin a ɓata ƙasa da lokaci, a ɗauki ƙwaya goma a naɗe a tsumma mai danshi, a ajiye a wuri mai inuwa ana yayyafa masa ruwa kullum. Idan bayan kwana goma zuwa sha huɗu shida ko bakwai sun fito da farin tsiro, irin yana da kyau. Idan biyu ko uku ne kawai, a nemi wani.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata a sani. Kusbarar kasuwa yawanci daga nau'in da aka zaɓa don ya ba da ƙwaya take, saboda haka tana saurin yin fure. Shagunan kayan noma sukan sayar da nau'ikan da aka zaɓa don ganye, masu jinkirin fure, irin su Santo da Calypso da Leisure, kuma idan an same su sun cancanci ƙarin kuɗin. Irin da aka ga an rina shi ja ko kore an gauraya shi da maganin ƙwari ko na cuta ne, don haka ba a cin sa, kuma a nisanta shi da yara da kaji.

Gaskiya ne sai an fasa ƙwayar kafin a shuka?

Ba dole ba ne, amma yana taimakawa. Kowace ƙwaya mai zagaye da ake gani iri biyu ne a manne a cikin ɓawo ɗaya. Idan aka zuba su a faifai aka murza da tafin hannu ko da gindin kofi a hankali, sai kowace ta rabu gida biyu, ruwa ya sami hanyar shiga, tsiron ya fito da wuri kuma bai ɗaya. Kada a sa a turmi, domin abin da ake so rabawa ne, ba dakawa ba. Bayan haka ana iya jiƙa su kwana ɗaya a tsane kafin a shuka.

Wace tukunya da wace ƙasa ake buƙata?

Kusbara tana sakin doguwar saiwa guda ɗaya da ke nitsewa kai tsaye, kamar yadda ɗan'uwanta karas ke yi, don haka zurfin mazubi ya fi faɗinsa muhimmanci. A nemi abin da ya kai santimita 20 zuwa 25 a zurfi: tsohon bokiti, ko jarkar lita 25 da aka yanke, ko buhun da aka naɗe bakinsa, ko tukunyar ƙasa. Tukunyar ƙasa ta fi roba sanyaya saiwa, sai dai tana saurin bushewa, baƙar roba kuma tana ɗaukar zafi sosai idan rana ta buge ta. Ko wanne aka zaɓa, wajibi ne a huda gindinsa a wurare da dama, sannan a ɗora shi a kan bulo ko duwatsu don ruwa ya riƙa tsiyayewa.

Ƙasar da ta fi dacewa ita ce mai laushi wadda ke riƙe danshi amma ba ta kwantar da ruwa. A haɗa kashi biyu na ƙasar lambu da kashi ɗaya na yashi da kashi ɗaya na takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai. Jigawa zalla ba ta riƙe ruwa, laka zalla kuma takan daskare ta tsattsage, ta hana ɗan tsiro huda samanta. Alamar takin da ya ruɓe ita ce ya yi baƙi, ya marmashe a hannu, ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, kuma tunda ganyen ɗanye ake ci, bai dace a kusantar da ɗanyen kashin kowace dabba gare shi ba.

Yaya ake shukawa?

A jiƙa ƙasar tun da yamma, washegari a ja layuka marasa zurfi da yatsa, a jera irin da tazarar kimanin santimita biyu, a rufe da ƙasa mai kaurin santimita ɗaya, a ɗan danna da tafin hannu. Irin yana son duhu kafin ya tsiro, don haka kada a bar shi a fili, amma idan an binne shi da zurfi sosai zai ƙare ƙarfinsa kafin ya iso sama. A yayyafa ruwa a hankali, da gwangwanin da aka huhhuda gindinsa idan babu butar ban ruwa, don kada ƙarfin ruwa ya tono irin. Tsiro yakan bayyana cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ya kai uku idan sanyi ya yi yawa.

Ganye biyun farko dogaye ne sirara, ba su yi kama da kusbara ba ko kaɗan, kuma masu farawa sukan ɗauka ciyawa ce su tuge. Sai ganye na uku ne ke fitowa da tsage-tsagen da aka sani. Idan tsirran suka kai tsawon yatsa sai a rage su, a bar santimita biyar zuwa takwas tsakanin kowane biyu, waɗanda aka cire kuma a wanke a sa a abinci. Wanda ke son ya tara ƙwaya ya bar tazarar da ta kai santimita 20.

Zan iya renon ta a wani wuri in dasa, ko in dasa wadda na saya da saiwarta?

Gara kada a yi. Tumatir da tattasai da albasa suna jure dashe, shi ya sa manoman lambu suka saba da reno, amma kusbara ba ta cikinsu. Da zarar doguwar saiwar ta karye ko ta lanƙwashe, tsiron yakan yi yaushi na kwanaki, idan ya farfaɗo kuma sai ya garzaya ya yi fure. A shuka ta a inda za ta zauna har ƙarshe. Ƙullin da aka sayo a kasuwa da saiwarsa yana iya ɗan tofo idan an binne shi, amma abin da za a samu bai kai wahalar ba, reshen da aka yanka aka tsoma a ruwa kuma ba ya yin saiwa.

Nawa take buƙata na rana da ruwa?

Littattafan da aka rubuta don ƙasashe masu sanyi sukan ce a sa ta a cikakkiyar rana, kuma gaskiyarsu ne a can. A wuri mai zafi, hasken safe na awa huɗu zuwa biyar ya ishe ta, sannan ta sami inuwa daga azahar zuwa la'asar. Gindin katangar da ke fuskantar gabas ya dace da wannan. Inuwa mai duhu kuma tana sa tsirran su yi tsawo su rame su kwanta, saboda haka cikin ɗaki ba wurinta ba ne sai in akwai taga mai haske sosai.

Game da ruwa, abin da ake so shi ne ƙasa ta zauna da danshi a kowane lokaci ba tare da ta zama taɓo ba. A cusa yatsa har gaɓa ta farko: idan an ji sanyin danshi a bari, idan an ji bushewa a ba ta ruwa har sai ya fara ɗiga ta gindin tukunya. Iskar hunturu tana yaudara, domin mutum yana jin sanyi ya ɗauka ƙasa ba ta bushe ba, alhali busasshiyar iskar tana iya shanye ruwan ƙaramar tukunya a yini ɗaya. A lokacin ana ba da ruwa kowace safiya, a kuma shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa a saman ƙasar don ta riƙe danshi. A zuba ruwan a gindi, ba a kan ganye ba, kuma kada a yi amfani da ruwan wanke-wanke mai sabulu.

Tana buƙatar takin zamani?

Idan an haɗa ƙasar da takin gargajiya mai kyau, ba ta buƙatar komai a gajeren rayuwarta. Idan ganyen ya koɗe bayan tsinka ta farko, a ƙara ɗan ruɓaɓɓen taki a gefe. Yawan yuriya yana ba da ganye mai yawa amma mai raunin ƙamshi, kuma yana jawo ƙwari.

Me ya sa tawa ta miƙa kara ta yi fure tun ban more ganyen ba?

Wannan shi ne kukan da aka fi ji. Alamarsa ta farko ita ce wani kara mai kauri ya taso daga tsakiya, ganyen da ke jikinsa kuma su fito sirara kamar zare maimakon masu faɗi. Abubuwan da ke jawo shi su ne zafi, da ƙishirwa ko da ta yini ɗaya ce, da cunkoso, da ƙaramar tukunya, da taɓa saiwa. Duk abin da ya takura wa tsiron yana sa shi ya gaggauta yin iri kafin ya mutu.

Karya karan yana iya jinkirta abin na 'yan kwanaki, amma ba ya mayar da tsiron baya, kuma ganyen da zai biyo baya ɗanɗanonsa yakan sauya. Maganin da ke aiki shi ne shuka bi da bi. Maimakon a cika tukwane huɗu rana ɗaya, a shuka ɗaya yau, a shuka ta biyu bayan mako biyu ko uku, a ci gaba haka, ta yadda lokacin da ta farko ke fure ta biyu ta isa tsinka. Gidan da ya fara a Nuwamba ya bi wannan tsari zai iya cin ɗanyen ganye daga Disamba har farkon Maris. Wadda ta riga ta yi fure kuma kada a tuge ta, domin furenta fari mai ɗan jaja-jaja yana jawo zuma da wasu ƙwari masu cin ƙwarin da ke ɓarna, kuma daga gare ta za a sami irin baɗi.

Yaushe zan fara tsinka, kuma ta yaya?

Bayan mako huɗu zuwa shida da tsirowa, idan ta kai santimita 12 zuwa 15. A yanki ganyen waje da almakashi tare da sandarsu, kusa da ƙasa, a bar na tsakiya domin daga nan sabo ke fitowa. Kada a ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Da haka tsiro ɗaya yakan ba da tsinka biyu zuwa uku. Safiya ce lokacin da ya fi, kafin rana ta sa ganyen yaushi. Sandunan masu taushi suna da ƙamshi kamar ganyen, bai kamata a zubar ba, kuma masu girkin Tailan har saiwar suke dakawa da tafarnuwa da barkono. Zafi yana kashe ƙamshin ganyen da sauri, don haka a farfesu ko dafa-duka ko miyar kifi, sai an sauke tukunya ake watsa shi.

Ganyen yana rawaya, wasu tsirran kuma suna faɗuwa. Mene ne dalili?

Idan ƙananan tsirrai suka tsuke a gindi suka kife, ruɓewa ce da ke zuwa daga yawan ruwa da cunkoso, kuma waɗanda suka faɗi ba sa tashi. A rage ban ruwa, a duba ko hudojin tukunya sun toshe, a ba sauran sarari. Rawayar ganyen ƙasa a ƙasa mai jagwalgwalo ita ma yawan ruwa ce, amma idan ƙasar lafiya lau take to yunwar taki ce. Farar hoda a saman ganye cuta ce da ke son wurin da iska ba ta ratsawa, sai a cire ganyen da ta kama a matsar da tukunyar.

A cikin ƙwari, waɗanda suka fi damun ta su ne ƙananan nan masu taruwa a bayan ganye suna tsotsar ruwansa, su bar danƙo a kai, abin da manoma ke kira darɓa. Fesa ruwa da ɗan ƙarfi yana kakkaɓe su, ruwan da aka jiƙa dakakken ganyen dogon yaro a ciki aka tace shi ma yana rage su, sai dai a wanke ganyen sosai saboda ɗaci. Maganin feshi na gona ba shi da wuri a kan ganyen da za a ci ɗanye bayan 'yan kwanaki. A gidaje da yawa ma babban maƙiyin ba ƙwaro ba ne, kaji ne da ƙadangaru, waɗanda a rani ba sa barin koren abu ya kwana. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura a kan sanduna huɗu yana kare ta daga gare su, yana kuma rage mata zafin rana da ƙura.

Me ya sa wasu ke cewa tana ɗanɗanon sabulu?

Ba laifin shukar ba ne. Ƙamshin ganyen yana fitowa ne daga wasu sinadarai da ake samun danginsu a sabulu, kuma binciken da aka wallafa a 2012 ya danganta ƙin ta da wani bambanci a ƙwayoyin gado kusa da wanda ake kira OR6A2, mai alaƙa da jin ƙamshi. Irin waɗannan mutane sau da yawa ba sa ƙin dakakkiyar ƙwayar, domin ƙamshinta na wani sinadari ne daban mai kama da na ɓawon lemo.

Yaya zan adana ganyen da ya yi mini yawa?

A tsoma sandunan a kofi mai ɗan ruwa, a rufa leda a sama sako-sako, a sa a firiji, zai kai mako guda ko fiye. Don ya daɗe, a yayyanka a zuba a mazubin ƙanƙara da ɗan ruwa ko mai a sa a firiza. Shanya shi kamar yadda ake shanya kuka ko zogale ba ta da amfani sosai, domin mafi yawan ƙamshin yana tafiya. Inda wuta ba ta tsayawa, abin da ya fi shi ne a bar shi a tukunyarsa a riƙa tsinkar na bukatar yini.

Ta yaya zan tara iri don shuka ta gaba?

A zaɓi tsirran da suka fi jinkirin yin fure a bar su, domin wanda ya tara iri daga masu gaggawa zai gaji gaggawarsu. Bayan fure sai ƙwayoyi korra su fito, su fara komawa ruwan ƙasa kimanin wata uku zuwa huɗu da shuka. Idan fiye da rabinsu sun sauya launi a yanke kawunan da sassafe, lokacin da ba sa saurin zubewa, a ɗaure a rataye su kife a inuwa tare da shimfiɗa zani ko faifai a ƙasa. Bayan mako ɗaya zuwa biyu a murza a bakace, a tabbata sun bushe har suna ƙara idan an girgiza, sannan a zuba a kwalba mai murfi a rubuta watan da shekarar a jiki. A wuri mai sanyi da duhu irin yakan riƙe ƙarfinsa shekara biyu zuwa uku, amma kafin kowace shuka yana da kyau a sake gwajin ƙwaya goma a tsumma, don a san yawan da za a zuba a kowace tukunya.